Dillalin Labari da Wayar Sakin Gona

Ku yaran yanzu kun raina sana'ata, na sani. In na wuce ta tashar Bebeji da jakata a rataye ina jin ku kuna cewa, ga Baba Haladu dillalin labari, wanda waya ta kashe wa kasuwa. A ganinku aikin bai wuce a rubuta 'yan layuka a tura wa ɗan jarida ba, gobe a ji a rediyo. To ku tura ɗin mu gani. Ɗan jarida ɗaya a Kano, saƙon da yake shigo masa kafin ya gama karin kumallo ya fi gashin kanku yawa, kuma kowa cewa yake nasa ne zai gyara duniya. Aikina shi ne in nemo abin da ya isa a ji, in kai shi kunnen wanda zai faɗa wa jama'a, sannan in tsaya a kai har ya zo ya gani da idonsa. Faɗarsa ba wuya. Ku zauna ku ji yadda ake yin sa.

A hannun Alhaji Ubale mai lasifika na koyi aiki, Allah ya jiƙansa. Yana da wata tsohuwar akori-kura da lasifika biyu a ɗaure a kanta, muna bin kasuwanni daga Kiru har Doguwa muna yi wa 'yan kasuwa shela. Shekara biyu na yi ban taɓa makirfo ba. Nawa ɗaukar batir ne, da naɗe igiyar lasifika, da tura mota in ta ƙi tashi, kuma ba ta cika tashi ba. In mun isa kasuwa Alhaji ba ya fara magana. Sai ya ce in zagaya rumfuna in dawo in gaya masa abin da mutane suke kuka da shi. In na dawo na ce ban ji komai ba, sai ya ce in koma, kunnena ne ya toshe.

Ranar da ya fara miƙa mini makirfo a kasuwar Tudun Wada ne, muna tallar wani garin maganin ƙwarin rumbu. Na gyara murya, na rero sunan maganin da Turanci, na faɗi ƙasar da aka yi shi, na ce babu irinsa. Ko akuya ba ta waiwayo ba. Alhaji ya fizge makirfon ya ce, "Mai masara! Wa ya buɗe buhunsa bara ya tarar ya zama gari?" Kasuwa ta juyo gaba ɗaya. Wani tsoho har ɗaga hannu ya yi kamar ɗan makaranta. Da muka tashi Alhaji ya ce mini, "Haladu, ba wanda ya baro gidansa don ya ji sunan hajarka. Ciwonsa za ka fara taɓawa, sannan ka nuna masa magani." Duk abin da na ci a sana'ar nan, daga wannan maganar na ci shi.

Da gidajen rediyo suka yawaita a Kano, sai na ga lasifika iyakarta kasuwa ɗaya, rediyo kuwa har cikin bukkar makiyayi yake shiga. Na sayi rikoda mai kaset, na fara ɗaukar muryoyin mutane ina kaiwa birni a motar haya. Kayan aikina ba su da yawa: rikoda, batir na ajiya, goro don gaisuwa, babur, sai wani littafi mai baƙin bango. Littafin nan shi ne jarina. Ba lambobi kaɗai ke ciki ba. Na rubuta wane ba a kiransa kafin azahar, wane editansa ba ya son labari sai da rigima a ciki, wance mota tana juya mata ciki don haka a ba ta gidan gaba. Na kai labarin matan Kiru masu matsar man gyaɗa, na kai na tsofaffin 'yan haƙar kuza a Riruwai da suka koma noman rani, na kai saukar karatu ba iyaka. 'Yan siyasa ne kawai ban cika bi ba, domin su ba labari suke so ba, kirari suke so, kuma wannan akwai masu shi.

Sai shekarar irin shinkafa. Wani mutum ya zo mini da babbar riga da zaƙin baki, ya ce yana da iri mai yi da wuri. Ya nuna mini hotunan gona kore shar. Na yi ganda, ban je na bincika ba, na tara masa 'yan jarida muka je gonar aka yi ta ɗauka. Ashe gonar wani ce, kuma ba irinsa aka shuka a cikinta ba. Mutane suka ji a rediyo suka saya, rabin irin bai ko tsiro ba, mutumin kuma ya yi layar zana. Wadda ta karanta labarin wata sabuwar ma'aikaciya ce, Zulai, ita aka tsare a ofis aka yi wa wankin babban bargo. Shekara guda cur ba ɗan jaridar da ya ɗaga kirana. Na koma kan lasifika ina cigiyar awakin da suka ɓace. In na shiga kasuwar Kiru manoma su kawar da kai, kuma suna da gaskiya, don laifina ne. Tun daga nan na yi wa kaina doka, abin da ban taɓa da hannuna ba, ba na kai shi bakin kowa.

Aikin da nake son ba ku labarinsa ya zo ne a ƙarshen wata damina, masara ta fara bushewa. Wasu matasa biyu suka yi sallama a rumfata. Jibrin, dogo siriri, ɗan wani ardo ne daga wata ruga a gindin duwatsun Doguwa. Hauwa'u kuma 'yar wani manomi ce a Tudun Wada. Tare suka yi karatun kwamfuta, suka dawo gida suka kafa ɗan kamfaninsu a wani shago mai ƙofa ɗaya. Hauwa'u ta miƙo mini takarda shafi uku da Turanci, ta ce sun tura wa duk gidan jaridar da suka sani ta imel, wata biyu ke nan ko tari ba a yi musu ba.

Na karanta layin farko na ajiye. Na ce, "'Yata, wannan in na karanta wa mahaifinki zai gane?"

Ta yi dariya ta ce, "Baba, ni ma da na rubuta sai na sake karantawa."

Na ce to su faɗa mini da Hausa. Ashe abin mai sauƙi ne. Kun san duk kaka yadda ake yi tsakanin manoma da makiyaya. Wani ya kwashe masararsa, yana ma son shanu su shiga su ci kara su bar masa taki. Maƙwabcinsa kuwa wakensa na tsaye, ko dawarsa ba ta isa yanka ba. Makiyayi ya koro garke, bai san wacce aka saki wacce ba a saki ba, kafin a ankara an yi ɓarna, sai sanda da adda. Su yaran nan lamba ɗaya suka yi. Manomi ya kira ya ce ni wane, a gari kaza, na kwashe gonata ta gabas da rafi, na sake ta, amma ta kusa da ita akwai wake. Makiyayi ya kira lambar nan, ya ji da Hausa ko da Fulatanci inda zai bi da inda zai kauce. Ba sai babbar waya ba, ko 'yar ƙaramar nan mai tocila ta isa.

Na ce, "To ina matsalar?"

Jibrin ya ce, "Ba a kira, Baba. Manoma sun ce 'yan damfara ne. Mutanenmu kuma sun ce tarkon manoma ne, a san inda shanu suke. In ban da rugarmu da wasu 'yan tsiraru ba mai taɓawa. Amma abin da suka ji a rediyo suna yarda da shi."

Sai Hauwa'u ta ƙarasa masa. Shi ne ɗan fari, mahaifinsa ya manyanta, kuma duk rani garkensu kudu yake tafiya. Ardo ya ba shi kaka ɗaya. In lokacin tashin shanu ya yi abin nan bai kama ba, zai rufe kwamfuta ya karɓi sanda. In kuwa ya tafi kamfani ya mutu, domin ita ba ta jin Fulatanci kuma ba makiyayin da zai saurare ta. Abin da ya rage musu bai fi wata biyu ba.

Ban ce musu e ba, ban ce a'a ba. Sati guda na yi ina gwada su ba su sani ba. Na ari wayar wani mai shayi na kira lambar, na sake murya, na ce ni Malam wane ne a wani ƙauyen Kiru, na saki gonata. Ƙarya na shirga, ba ni da ko kunyar gona ɗaya a garin. Ban gama shan shayin ba aka kira wayar. Hauwa'u ce, cikin ladabi take cewa sun tuntuɓi mai unguwar garin ya ce bai san mai wannan sunan ba, don haka ba za su saka saƙon ba sai an tabbatar. Na ce a raina, yauwa, waɗannan ba masu irin shinkafa ba ne.

Sannan na hau babur neman labarin kansa, domin kwamfuta ba labari ba ce. Na same shi a gonar wani Malam Isiya, kudu da Tudun Wada. Bara shanun rugar su Jibrin sun cinye masa wake, aka yi faɗa har aka fasa wa wani kai, aka kwana biyu ana zarya gaban dagaci. Bana ya kira lambar ya saki gonar masararsa ya hana ta wake, shanun nan dai suka zo suka yi kwana huɗu suna cin kara, suka bar masa taki, wakensa ko ganye ɗaya ba a taɓa ba. Na zagaya gonar da ƙafata, na ga kashin shanu, na ga waken a tsaye.

Zulai a lokacin ta zama ita ke riƙe da shirin noma da kiwo a gidan rediyonsu, kuma shirinta ne ake ji a yankinmu. Ban kira ta ba, zuwa da kai ya fi saƙo. Na yi sammako na zauna a bencin bakin ofishinsu har ta fito. Tana ganina ta ce, "Baba Haladu, wani irin shinkafar aka samo?"

Na haɗiye, don na ci bashin wannan maganar. Na ce, "Malama, mutum biyu ne, bara sun tsaya gaban dagaci da jini a riga, bana a ƙwarya ɗaya suke shan fura. In kina son sanin abin da ya shiga tsakaninsu, ki zo ki tambaye su."

Ban ambaci kwamfuta ba, ban ambaci kamfani ba. Ta ce rana ɗaya za ta ba ni, kuma la'asar a hanya za ta yi mata. Ta ƙara da cewa tana son muryar manomi da muryar makiyayi, in babu ɗaya babu labari.

Ga inda ku masu tura saƙo ba ku san ana aiki ba. Na je na gaida dagaci da goro, don kada ya ji a rediyo an shigo ƙasarsa bai sani ba. Na bi hanyar rugar da babur na ga inda mota za ta iya wucewa da inda za a sauka a taka. Na zagaya da waya a sama har na samu wani fako kusa da bukkoki inda sabis yake kamawa. Na tsayar da lokaci da hantsi, bayan tatsa kafin a kora, don rikoda ta ɗauki kukan shanu. Na zaunar da Jibrin na ce duk kalmar Turancin da ya saki a gaban makirfo sai na ja masa kunne. Daga ƙarshe na durƙusa gaban mahaifinsa, Ardo Buba, na ce baƙuwa za ta zo, muna roƙon ya yi mata bayani. Ya ce, "Allah ya kai mu." Ni kuwa na ɗauka an gama. Ni da na tsufa a cikin Fulani, ni da ko sunan nawa ɗan farin ba na kamawa, wai ban hango abin da ke tafe ba.

Ranar ta zo, komai ya tafi daidai da farko. Malam Isiya ya yi magana kamar an biya masa, har da nuna inda aka yi faɗan bara. Muka ƙarasa ruga tare da shi, aka shimfiɗa tabarmi, dattawa suka zauna, Jibrin ya rakuɓe a gefe. Zulai ta gaida Ardo yadda ya kamata, ta kunna rikoda ta ce, "Ardo, wa ya kawo muku wannan dabara?"

Ardo ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Wasu yara ne."

"An ce mini ɗanka ne ya ƙirƙiro ta."

Ya juya ya kalli shanu ya ce, "Ruwa ya ɗauke da wuri bana."

Ta sake gwadawa. "To tana da amfani? Za ka ce wa 'yan'uwanka makiyaya su riƙa kira?"

Ya ce, "To, kowa dai da ganinsa."

Ta juya ga sauran dattawan, kowa ya sunkuyar da kai, don ba mai shiga gaban Ardo a maganar gidansa. Hauwa'u ta raɗa wa Jibrin ya tashi ya ba da wuri, ya tashi ya ɓace bayan bukkoki. Bai canza komai ba. Mutumin da ba ya yabon ɗan farinsa a gaban mutum uku, ta yaya zai yabe shi a gaban duk mai rediyo a ƙasar Kano?

Zulai ta kashe rikoda ta ja ni gefe. Ta ce, "Baba, na san kunyar ɗan fari, ni ma 'yar fari ce. Amma rediyo ba ya nuna fuska. Makiyayin da ke saurare abin da zai ji shi ne uban yaron ma bai yarda da abin ba. In na saka wannan na kashe su, in na cire kuma rabin labari gare ni, editana ba zai karɓa ba." Ta dubi agogo. Shanu sun fara miƙewa, rana tana ɗagawa, direbanta har ya juya kan mota.

Na tsaya ina zufa ina tambayar kaina, a duk rugar nan wa al'ada ta sakar wa baki a kan yaron nan? Sai na jiyo wata murya daga wajen mata tana ta zazzaga faɗa, ana dariya. Na tambaya, aka ce Dada ce, mahaifiyar Ardo, ta ga Jibrin ya laɓe a bayan bukkarta tana yi masa tsiya. Na koma na durƙusa na ce, "Ardo, a yi wa baƙuwa izini ta gaida Dada kafin ta tafi." Tun ban rufe baki ba ya ce, "Ai gidanta ne." Duk zaman nan sai lokacin na ga ya saki fuska.

Mun tarar da tsohuwa a kan 'yar kujera tana burga nono, ƙarama da ita, ba haƙori ko ɗaya a gaba. Zulai ta tsuguna ta gaishe ta, ta kunna rikoda ta ce, "Dada, kin san wanda ya yi wayar nan ta sakin gona?"

Dada ta ce, "Jibrin? Mijin nawa? Ga shi can ragon banza, ya ɓuya. Yarinya, wannan ko akuya aka ba shi ya tatsa sai ta harbe shi. Tun yana ƙarami in an tura shi kiwo sai a tarar da shi gindin bishiya yana kwance rediyon ubansa. Na ce wannan miji ba zai ciyar da ni ba."

Jibrin ya leƙo ya ce, "Dada, in kika ƙara na sake ki."

Ta ce, "Sake ni mana, wa zai kwashe ka?"

Zulai tana dariya har makirfo na rawa a hannunta. Ta ce, "To amma abin nasa yana aiki?"

Nan tsohuwa ta ajiye maburgi. Ta ce, "Bari in gaya miki. Ni duk kaka ba na iya cin abinci sai na ga yaran nan sun dawo da shanu. In na hango mutum a guje sai in ce an yi. Bara jikana aka kawo mini da kai a fashe. Bana kuwa ni ce nake raba su. Da safe in kira, in ji inda aka saki, in ce kai bi nan, kai kada ka kuskura ka bi ta rafi akwai waken mutane. Su tafi, ni kuma in ci tuwona."

Ta kwance bakin zaninta ta zaro 'yar waya, ta ce a taimaka mata ta tashi. Muka raka ta kan fakon nan mai sabis, ta danna, ta buɗe murya. Sai ga muryar Malam Isiya tana fitowa, yana cewa ya saki gonarsa ta gabas, a kiyaye wake. Shi kuma yana tsaye a bayanmu, ya ce, "La, ni ne!" Ga kukan shanu ana kora, duk rikoda ta kwashe. Zulai ta ce ko Dada ta san lambar da ka. Tsohuwa ta rero ta da Hausa, ta sake rerowa da Fulatanci, tana kaɗa kai kamar mai rarrashin jariri. Ta rufe da cewa, "Ku kira, 'yan'uwa. Rago ne, amma ba ya ƙarya."

A rugar Zulai ta yi la'asar. Da za ta shiga mota ta ce, "Baba, ka rubuta sabuwar lambata a littafin nan naka."

Ranar da aka saka shirin ina shagon yaran a Tudun Wada. Ba a ko gama ba kira ya fara shigowa, wani kan wani, har layin ya cushe. Hauwa'u tana ta danne-danne tana salati. Washegari masu saurare suka dami gidan rediyon sai an maimaita musu tsohuwa, aka maimaita. Ran kasuwa na shiga wajen masu sayar da shanu na ji ana tambayar wa ke da lambar Dada, sai wani mai fura ya rero ta da irin waƙar da ta yi. Dagatai suka fara aiko wa yaran su zo su saka garuruwansu. Gidajen jaridar da suka yi wata biyu ba su buɗe imel ɗinsu ba, su ne suke nemana in kai su ruga, har da masu talabijin. Ni da na shekara ina kira ba a ɗagawa, na zama sai na duba wanda zan ɗaga wa. Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye muku ba.

Sunan kamfanin kuwa ba wanda ya riƙe, kowa wayar Dada yake cewa. Hauwa'u ta so a fitar da sanarwa a gyara. Na ce in ta yi haka na daina gaishe ta. Sunan da jama'a suka raɗa da bakinsu ba a sayensa a kasuwa, suka haƙura suka sake allon shagon.

Duk wannan bidirin Ardo bai ce uffan ba. Kaka ta wuce, kara ya ƙare a gonaki, aka sa ranar tashin shanu. Jibrin ya roƙe ni in je, ya ce shi ba a ce masa komai ba, kuma ba zai iya tambaya ba. Na isa da sassafe na tarar an ɗora kaya a kan bijimai. Shi kuma yana tsaye da takalmin roba da gora a rataye, ya shirya tsaf, makullin shago yana hannunsa zai ba ni in kai wa Hauwa'u.

Ardo ya fito da sanda. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya. Ɗansa yana tsaye kusa da ni, bai ko dubi wajen ba. Ya kira ƙanin Jibrin ya miƙa masa sandar. Sannan ya ce mini, "Malam Haladu, ta Tudun Wada za ka koma ko?"

Na ce, "Ta nan zan bi, Ardo."

Ya ce, "To ka rage wa wancan hanya. Mutane suna kira, ba a barin baƙo a tsaye."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro wata tsohuwar waya da aka ɗaure bayanta da roba, ya miƙo mini ya ce a duba masa ko za ta kama a can kudu. Na karɓa na miƙa wa Jibrin. Yaro ya danna, ya tsaya cak, sannan ya juyo mini da fuskar wayar. Jerin kiran da aka yi da ita ne, lamba ɗaya tak, ta sakin gona, daga sama har ƙasa, kullum da safe, tun makonni kafin Zulai ta taka rugar.

Jibrin ya ce, "Ka ce masa za ta kama."

Na ce, "Ardo, an ce za ta kama."

Ya karɓi wayarsa ya mayar aljihu, ya bi bayan shanu bai waiwayo ba. Wannan kam ban kai shi rediyo ba.